Mutuwa Ɗari, Nasara Ɗaya: Tarihin Wasannin Harbi Masu Sauri

A daren 10 ga Disamba, 1993, ma'aikatan wani ƙaramin kamfani mai suna id Software da ke garin Mesquite a jihar Tekzas ta Amurka sun so su ɗora sabon wasansu a kan babbar kwamfutar Jami'ar Wisconsin domin jama'a su sauke. Sai abin ya gagara, saboda masu jira sun riga sun cika layin maƙil, su kansu masu wasan ba su sami ƙofar shiga ba. Dole aka sallami kowa na ɗan lokaci, aka ɗora wasan, aka sake buɗe ƙofa. Cikin ƙanƙanin lokaci turmutsitsin ya durƙusar da kwamfutar jami'ar. Sunan wasan Doom. Fiye da shekara 30 ke nan, kuma har yau ana buga shi, ana gasa a kansa, ana ƙera masa sababbin matakai.

Doom na cikin jinsin wasannin da Turawa ke taƙaita sunansu da FPS, wato wasan harbi wanda ɗan wasa ke ganin duniya ta idon jaruminsa. Ba ya ganin jikinsa, sai hannu da bakin bindiga a ƙasan allo. Mai kallo daga gefe yakan ga hayaniya da jini kawai, ya yi mamakin yadda mutum zai zauna a kashe shi sau hamsin a wuri ɗaya, ya kuma danna ya sake. Wannan tambaya ta cancanci amsa, musamman yanzu da wasannin suka shigo wayoyin yaranmu da ƙannenmu. Amsar kuwa tana cikin tarihinsu.

Daga ɗakin bincike zuwa gidan wasa

Tushen abin ya girmi Doom da shekara 20. A 1973, wasu ɗaliban sakandare uku, Steve Colley da Greg Thompson da Howard Palmer, suna aikin koyo a cibiyar bincike ta Ames ta hukumar NASA a Kalifoniya. Colley ya rubuta shirin da ke zana lunguna kamar mutum na tafe a cikinsu. Da suka ga yawo a lungu kaɗai ba ya ɗaukar hankali, sai suka haɗa kwamfuta biyu da waya, suka sa kowa na iya harbin ɗan'uwansa. Shi ne wasan Maze, wanda aka fi sani da Maze War. Da Thompson ya tafi jami'ar MIT, shi da Dave Lebling suka faɗaɗa shi har mutum 8 na iya fafatawa lokaci guda. Tun a nan an gano abu na farko: lungu ba ya da daɗi sai in akwai wanda ke farautarka a ciki.

A 1980 kamfanin Atari ya fitar da Battlezone, wasan tankar yaƙi da aka zana da siraran layuka koraye, wanda ake leƙawa ta wata kafa kamar ta cikin tanka. Har rundunar sojan Amurka ta nemi a yi mata wani samfurinsa domin horar da masu sarrafa motar yaƙi ta Bradley. Amma duk waɗannan tafiyarsu ta hawainiya ce. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin zana duniya mai zurfi sau da yawa a cikin sakan ɗaya.

Abin da aka zubar domin a samu sauri

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne John Carmack. Shi da John Romero da Tom Hall da Adrian Carmack sun haɗu a kamfanin Softdisk da ke Shreveport a jihar Luwiziyana, suka fita suka kafa id Software a watan Fabrairu 1991. Dabarar John Carmack ita ce ya rage wa kwamfuta aiki. A wasan Wolfenstein 3D, wanda ya fito ranar 5 ga Mayu, 1992, dukkan bangaye tsayinsu ɗaya, dukkan kusurwoyi a miƙe suke kamar na akwati, ƙasa da rufi kuwa launi ɗaya ne ba zane. Da aka sauke mata wannan kaya, sai kwamfutar ofis ta yau da kullum ta iya gudu da hoton.

Sun aro sunan ne daga Castle Wolfenstein na 1981, wanda Silas Warner ya yi, wasan sanɗa da ɓuya. Da farko su ma sun sa irin waɗannan abubuwa, kamar jan gawar mai gadi a ɓoye ta. Da suka gwada, sai suka ga duk abin da ke tsayar da ɗan wasa yana kashe armashin, suka cire. Haka aka sake yi a kan Doom. Tom Hall ya rubuta doguwar takarda mai ɗauke da labari da jarumai masu tarihi, sauran suka ajiye mafi yawanta gefe, shi kuma ya bar kamfanin a 1993. Abin da ya rage na labari bai fi a faɗe shi cikin numfashi ɗaya ba: soja ne shi kaɗai a wani sansani a kan Phobos, ɗaya daga watannin duniyar Mas, dodanni sun ɓarke, sai ya nemi mafita.

Hanyar sayarwar ma ta taimaka. Doom na da kashi uku, kowanne da mataki 9. Kashi na farko kyauta ne, an ma ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa. Wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi sai ya aika kuɗi a turo masa sauran. An ƙiyasta cewa cikin shekara biyu mutum miliyan 10 zuwa 20 sun buga shi. Kamfanoni irin su Intel da jami'o'i irin su Carnegie Mellon sai da suka kafa doka a kansa, domin ma'aikata da ɗalibai na cushe layukan sadarwa da shi. A 1995, Bill Gates da kansa ya fito a wani faifan talla, sanye da doguwar riga, riƙe da bindiga a cikin duniyar Doom, yana tallar Windows 95.

Inda daɗin yake

Wanda ya lura da yadda aka gina Doom zai ga cewa ƙafa ta fi yatsa aiki a cikinsa. Yawancin dodannin ƙwallon wuta suke jifa, kuma ana ganin ƙwallon na tahowa, ana iya kauce mata. Jarumin kuma yana da gudun da ya fi na kowane mahaluƙi a wurin. Saboda haka tsayuwa ita ce mutuwa. Kowane dodo da irin matsalar da yake kawowa: wani ya rugo ya yi cizo, wani ya taso ta sama, wani ya harbo daga nesa. A Doom II na 1994 an ƙaro wani mai tayar da waɗanda aka riga aka kashe, wanda in ba a fara da shi ba an yi aikin banza. Idan harbin wani dodo ya sami ɗan'uwansa, sai su juya su yi ta faɗa da juna, kuma gwani yakan haddasa hakan da gangan domin ya adana harsashi. Duk ɗakin da aka shiga lissafi ne: wa zan fara kawarwa, da wace bindiga, ta ina zan bi, nawa ya rage mini. Kuma dole a gama lissafin cikin ƙiftawar ido.

Abu na biyu shi ne adalci. Wasan ba ya sassauta wa kowa, amma ba ya cuta. Dodo na nan inda yake jiya, halinsa bai sauya ba. Wanda aka kashe ya san dalili: ya tsaya a kusurwa, ko ya ɓarnatar da roka, ko ya manta da ƙofar baya. Kuma babu dogon jira, ana dannawa an dawo. Da koyo akan iya, in ji Hausawa, to a nan darasi da jarrabawa da sakamako duk cikin minti ɗaya suke zuwa. Ɗakin da ya gagari mutum da safe, da yamma sai ya ratsa shi ko ƙwarzane babu, alhali ba a ƙara wa jarumin ƙarfi ba, ba a rage wa dodanni ba. Hannunsa da idonsa ne suka sauya. Wannan jin cewa "ni ne na ƙware" shi ne ainihin abin da ke mayar da mutane.

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin ƙasar Hangari, ya yi bayanin irin wannan yanayi a littafinsa Flow na 1990. Ya nuna cewa mutum yakan nutse cikin aiki har ya manta da lokaci idan wuyar aikin ta yi daidai da iyawarsa, manufar a fili take, kuma yana ganin sakamako nan take. In aikin ya yi sauƙi, gundura ta zo; in ya fi ƙarfinsa, fargaba ta zo. Maɗinki da makaɗi da ɗan dambe duk sun san wannan hali. Masu Doom sun tanadi matakan wuya guda biyar domin kowa ya sami daidai shi. A na ƙarshe dodanni sun fi sauri, kuma waɗanda aka kashe suna sake tashi.

A ƙarshen kowane mataki wasan yakan nuna lokacin da mutum ya ɗauka, kusa da lokacin da aka ɗiba wa gwani. Wannan 'yar lamba ta haifar da gasar tsere. Tun 1994 aka buɗe ma'ajiyar COMPET-N inda ake tara faifan gudun kowa. Matakin farko na Doom an ɗiba masa sakan 30. A 1998 wani Bajamushe, Thomas Pilger, ya gama shi cikin sakan 9. Sai da aka yi shekara 20 da ɗoriya kafin wani ya sauko da shi zuwa sakan 8, a 2019, bayan dubban gwaji.

Mutum da mutum

Duk wayon dodo, na'ura ce ke juya shi. Doom ya ba da damar mutum 4 su haɗa kwamfutocinsu su fafata, kuma Romero ne ya yaɗa sunan da ake kiran wannan salo da shi har yau, deathmatch. Quake, wanda ya fito a watan Yuni 1996, ya kai abin ga intanet, ya kuma kawo cikakkiyar duniya mai sama da ƙasa, inda ake tsalle ana duba kowace fuska. Matsalar ita ce jinkirin layin tarho: mutum ya danna, sai bayan ɗan lokaci jaruminsa ya motsa. A ƙarshen shekarar aka saki QuakeWorld, inda kwamfutar ɗan wasa ke nuna motsinsa nan take ba tare da jiran amsa daga nesa ba, daga baya a daidaita. Wasannin harbi na intanet har yau a kan wannan dabara suke tafiya.

'Yan wasa kuma suka gano abubuwan da masu ƙera wasan ba su tsara da farko ba. Mutum ya harba roka a ƙarƙashin ƙafarsa yana tsalle, ƙarfin fashewar ya cilla shi saman katanga, ya biya da wani ɓangare na lafiyarsa. Wasu suka gano cewa jera tsalle tare da karkata linzami na ƙara gudu fiye da ƙa'ida. Maimakon a toshe waɗannan kafofi, sai aka bar su suka zama fanni. A Quake III Arena na 1999, sulke na sake bayyana bayan sakan 25, babban maganin lafiya bayan sakan 35. Gwani na ƙirga waɗannan a kansa yana tsaka da faɗa, ya iso wurin daidai lokaci, ya hana abokin karawarsa komai. Mai kallo yana ganin gudu da harbi, amma rabin faɗan a ƙwaƙwalwa ake yinsa.

A 1997 aka yi gasar Red Annihilation, wadda kusan mutum 2,000 suka shiga ta intanet, aka kammala ta a birnin Atlanta. Dennis Fong, matashi haifaffen Hong Kong mai laƙabin Thresh, ya lashe, aka ba shi motar Ferrari 328 ta John Carmack. Shi ne ya shahara da ɗora yatsun hagu a kan harufan W da A da S da D domin tafiya, hannun dama kuma a kan linzami domin saiti, tsarin da ya zama na kowa. A 2005 Johnathan Wendel, wato Fatal1ty, ya ci dala 150,000 a wasan ƙarshe na gasar Painkiller. Wasa ya zama sana'a.

Lokacin da aka taka birki

Nasarar ta zo da nata cikas. Sabon shiga da ya faɗa hannun gwanayen Quake yakan sha kashi ba tare da ya ga wanda ya harbe shi ba, sai ya ajiye. Kasuwa kuma ta karkata zuwa na'urorin wasa na falo, inda babban yatsa a kan ɗan sandan sarrafawa ba ya kai linzami saurin juyi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. GoldenEye 007 na 1997 ya nuna cewa ana iya wasan harbi a falo. Half-Life na 1998 ya dawo da labari. Halo na 2001 ya rage gudu, ya taƙaita makamai zuwa biyu, ya sa garkuwar da ke cika da kanta, ya kuma taimaka wa ɗan wasa wajen saiti. Daga Call of Duty 2 na 2005, lafiya ma kan dawo da kanta in mutum ya laɓe na ɗan lokaci. Darasin ya juye: da ana cewa kada ka tsaya, yanzu ana cewa ɓuya bayan katanga ka jira.

Wuyar ba ta ɓace ba, ta koma wani gida. Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka gina a kan Half-Life a 1999, ya ba kowa rai ɗaya tak a kowane zagaye. Wanda ya yi sakaci sai ya zauna yana kallon abokansa har a gama. Amma salon gudu da tsalle ya yi sanyi na sama da shekara goma. Shi kansa kamfanin id ya ɗauki shekaru yana gina Doom na huɗu a kan salon Call of Duty, kafin ya rushe aikin ya faro daga tushe.

Abin da ya fito a watan Mayu 2016 ya juya dokar ɓuya a kanta. A sabon Doom, lafiya ba ta dawowa da jira. Wanda ke bakin mutuwa sai ya ruga cikin abokan gaba ya gama da ɗaya da hannu kafin ya samu magani, wanda harsashi ya ƙare masa kuma sai ya yi amfani da zarton inji. Doom Eternal na 2020 ya ƙara tsananta wannan. Ƙananan masu ƙira su ma suka taso: Dusk na David Szymanski a 2018, da Ultrakill na Arsi Patala ɗan ƙasar Finlan a 2020. Waɗannan da gangan suke zana hotuna irin na da, kuma sun sami kasuwa har a wurin waɗanda ba a haifa ba lokacin da Quake ya fito. Ashe ba kewar ƙuruciya kaɗai ke jan mutane ba.

Zargi da abin da bincike ya nuna

Tun farko wasannin nan ba su rabu da zargi ba. Kwana ɗaya kafin fitowar Doom, majalisar dattawan Amurka ta zauna kan tashin hankali a wasannin bidiyo, abin da ya kai ga kafa hukumar ESRB mai sa alamar shekaru a 1994. Jamus ta hana sayar wa yara Doom a 1994, ba ta ɗage ba sai 2011. A ranar 20 ga Afrilu, 1999, ɗalibai biyu suka kashe 'yan makaranta 12 da malami ɗaya a sakandaren Columbine da ke jihar Kolorado, aka kuma gano masoya Doom ne. Iyalai sun kai kamfanonin wasanni ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2002. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin rai kamar tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za ta ɗora musu alhakin aikata kisa ko ta'asa.

A ɗaya gefen, C. Shawn Green da Daphne Bavelier sun wallafa bincike a mujallar Nature a 2003, inda suka sa waɗanda ba su saba wasa ba su buga Medal of Honor awa ɗaya kullum har kwana 10. Sun fi waɗanda aka ba Tetris ci gaba wajen lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Wannan riba ce ta gaske, sai dai ƙarama ce, ba ta maye gurbin karatu ko barci.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na lokaci da aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, idan ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa har ya cutar da karatunsa ko aikinsa ko iyalinsa. Sannan tsarin kasuwar ya sauya. Doom sau ɗaya ake saye. Yawancin wasannin yau kyauta ake shiga, amma an cika su da ladan kullum da ke sa mutum jin ya yi asara in ya tsallake rana, da akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna, har da na Counter-Strike, caca ce.

Ta wannan ƙofa ce wasannin suka fi iso mana. Call of Duty: Mobile ya fito ranar 1 ga Oktoba, 2019, aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko. Matashin da ke buga shi a Yamai ko Njamena yana fama da irin jinkirin da Carmack ya yi yaƙi da shi a 1996, domin Nijar da Chadi ba su da bakin teku, saƙonsa sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai igiyoyin ƙarƙashin ruwa, kuma kowane kashi na sakan da ya ɓata a hanya riba ce ga abokin karawarsa. Ga kuɗin data, ga cajin waya.

Don haka tambayar da ta fi amfani ga uba ko uwa ko yaya ita ce: me ke mayar da yaron nan ga wasan? Idan yana komawa ne domin akwai ɗakin da ya gagare shi kuma ya ƙudura sai ya ci, to yana koyon abin da maƙeri ke koya a bakin wuta, sai a duba alamar shekarun da ke jikin wasan, a kuma yanka masa lokaci. Idan kuwa yana komawa ne domin kada ladan yau ya wuce shi, ko domin ya gwada sa'a a akwati na gaba, to wani ne ke wasa da shi. Thomas Pilger bai sayi sakan 9 ɗinsa da ko sisi ba, kuma wanda ya karya tarihinsa ma sai da ya faɗi sau dubbai.